Na Je Ɗauko Auta, Na Ɓuge da Goge Madubin Kifi

Tun da na dawo daga Kwatano ban huta da tambaya ba. Ƴan fadarmu ta bakin kasuwa, da an ɗora shayi sai wani ya ce to Bubakar, ba mu labarin teku. Malam Idi tela kuwa ya samu abin tsokana, duk wanda ya zo wucewa sai ya nuna ni da almakashi ya ce ga mutumin da ya bar Filinge ya je ya yi wa kifi wankin fitila. Ba ƙarya ya yi ba, abin da na yi ke nan. Sai dai kullum gefe-gefe nake ba su labarin, in na kusa tsakiya sai in ce shayi zai huce. Yau bari in zauna in faɗe shi tun daga tushe, kowa ya ji sau ɗaya, a bar ni in sha iska.

Ga wanda bai san ni ba, gyaran tocila da rediyo da fitilun sola nake yi a kasuwar Filinge. Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna. Kun san yadda abin yake a wajenmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta dubansa ido cikin ido. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya gam. Shekarata arba'in da huɗu, gida ɗaya muke, katanga ɗaya ce tsakanin ɗakinta da nawa, amma ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ina yaro "wancan" ne, da na kama sana'a na koma "mai tocila". In tana son abu sai ta gaya wa matata Hadiza, ko da ina tsugune a bakin ƙofa. Autanmu Yahaya kuwa, sunansa ba ya barin bakinta. Ya bar gida shekara tara da suka wuce, ya bi wani direba zuwa Kwatano, ya samu aiki a otel. Yana aiko da saƙo, yana aiko da murya ta waya, amma ƙafarsa ba ta sake taka ƙasarmu ta Kurfai ba. Kullum in an yi masa magana sai ya ce aikin ba ya barin mutum.

Bayan an gama yankan hatsi ƙafafun Inna suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata nauyi. Muka kai ta likita, aka ce zuciya ce, aka ba da magani aka ce a lallaɓa. Wata safiya na shiga gaishe ta, ta amsa tana kallon bango yadda ta saba, sannan ta ce da Hadiza:

"A ce ma mai tocila shi tahi shi zo min da auta. Ina son in gan shi da idona."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta sosa mini rai. Ni ke sayen magani, ni ke yaɓen ɗakinta duk damina, kuma ni ne za a aika in ɗauko wanda ake marmari. Amma aiken uwa ba a tsayawa yi masa tambaya. Na rufe rumfa na ba Malam Idi makulli. Hadiza ta ɗaure mini kilishi, Inna kuma ta sa aka daka gumba aka ƙulle a ƙyalle, ta ce ta auta ce.

Da sassafe na shiga motar kasuwa mai zuwa Yamai. A Bankuku aka tsaya aka ɗora raguna a kan rufi aka ɗaɗɗaure. Ba mu yi nisa ba na ji ɗumi na sauka a kan hulata, sabuwa fil, wadda na saya musamman don kada mutanen Kwatano su raina ni. Na ɗaga kai, ashe rufin na da huji, ragon da ke saitina kuma ya sha ruwa ya ƙoshi. Wani tsohon Bafillace da ke gefena ya ce in yi haƙuri, fitsarin rago ba ya hana salla. Na ce na sani Baffa, amma yana hana kwalliya. Shingen jandarma kuwa ban san iyakarsu ba, a sauka, a nuna kati, a hau. A Baleyara na sayi kopto, kwaɗon zogalen nan, wajen wata Bazabarma, ta zuba masa yaji har ina hawaye, tana dariya tana cewa mu Kurfayawa cika baki kawai muka iya.

Na kwana a tashar Yamai, washegari na kama babbar mota ta Doso har Gaya. Can na tarar gadar kan iyaka a rufe, mai son ƙetarewa sai ya bi kwale-kwale. Jama'a, ni ɗan Kurfai ne, ruwan da na sani na rijiya ne da na tafki. Da na ga kogin nan da jirgin katako cike da mutane da buhuna da babura, sai na ja da baya. Wata Hajiya mai safarar albasa ta dube ni ta gane baƙo ne, ta ce in shiga in zauna kusa da kayanta, kuma kada in dubi ruwa, in kafa ido a wancan gaɓar. Na rungume buhun albasarta kamar ni na haife shi, ina karanta duk abin da na sani har da wanda na manta. Da muka isa na yi ɗokin sauka, takalmina ɗaya ya nutse a laka, sai da wani masunci ya tono mini shi da sanda. Hajiya ta ce in na dawo in zo ta ɗauke ni aikin gadin albasa.

A Malanbil, garin ƙetaren kogin, ban ji na bar gida ba, ko'ina ka juya za ka samu mai jin Hausa. Sai da mota ta yi kudu sosai na ga itatuwa na ƙaruwa, Hausa na raguwa. A Paraku aka tsaya cin abinci, na ci doya dakakkiya da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi. Wannan kam ba ni da ƙorafi a kansa, na ƙara har sau biyu.

Kwatano kuwa, abin da ya fara tarbata masu babur ne, dukkansu da riga ruwan ɗorawa, sun fi fara yawa. Ina tsaye da jakata ina rarraba ido sai wani ƙaton mutum mai gemu ya zo ya durƙusa a gabana, a nan tsakiyar tasha, ya ce Yaya. Wallahi da bai yi magana ba da ban gane shi ba. Yaron da ya tafi kamar tsinke ne ya zama haka. Na kama hannunsa na tashe shi. Na zaro ƙullin gumba na miƙa masa na ce Inna ce ta ce a ba ka. Ya kwance, ya sunsuna, sai ya juya mini baya.

Ɗakinsa a unguwar Zango yake, ciki ɗaya, da katifa da fanka. Garin akwai laima, ka wanke riga kwana biyu ba ta bushe ba, kilishin da na zo da shi kafin mako ya yi funfuna. Abincinsu na yau da kullum wani tuwon masara ne mai tsami, akasa, a naɗe a ganye, da kifi da manja. Na ci don yunwa, amma cikina fura yake nema. Gaisuwarsu kuma kalma ɗaya ce a wuce, ba mai tambayar gajiya, ba mai tambayar mutanen gida. Kwana biyu ina zaton fushi ake da ni. Ya kai ni na ga teku, na tsaya nesa na dube ta, na ce na gani, mu tafi.

Washegarin zuwana ya kai ni wurin aikinsa, don in ga abin da ya riƙe shi. A zauren cin abinci na otel ɗin akwai wani akwatin gilashi, tsawonsa ya kai taku biyar, cike da ruwan gishiri. Ciki ga ƙananan kifaye masu launi kamar an rina su, ga kuma wasu abubuwa a kan duwatsu, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar kumburarriyar gurasa, kore da shuɗi da ja, suna motsi a hankali. Na ce waɗannan ciyawa ce? Ya ce murjani ne. Na ce wane murjani, irin na wuyan Inna? Ya ce danginsa ne, kuma da rai, yana ci, yana girma, yana mutuwa. Na daɗe a tsaye. Tun ina yaro nake ganin tsakiyar murjani a wuyan Inna, ban taɓa sanin daga ruwa ta fito ba.

Ya ce abincin murjani rabinsa haske ne. A saman akwatin an rataye fitila mai dogayen ƙwai shida, bayan kowane ƙwai kuma akwai faifan alminiyam lanƙwashe kamar indararo, mai sheƙi har kana ganin fuskarka. Su suna da sunansa da Faransanci, ni madubi nake ce masa. Shi ke tattara hasken da zai tafi sama ya mayar da shi cikin ruwa. To ruwan na fantsama, ya bushe, gishiri ya kama madubin fari fat kamar kanwa. In aka bar shi haske ya ragu, murjani ya dushe ya koma kalar ƙasa. Ga auna gishiri, ga canjin ruwa, ga ba kifi abinci, amma ya ce goge madubin nan ne ba ya iya bar wa kowa. An taɓa ba wani ya wanke da sabulu, kumfa ta ɗiga a ruwa, kifi bakwai suka tashi ciki sama.

Mai otel ɗin wata dattijuwa ce ƴar ƙasar, kowa Madam yake ce mata. Muka je gabanta, Yahaya ya yi bayani da Faransanci, ni da ƴan shekaruna na lakwal, bokon namu, ina tsintar kalma ɗaya ina zubar da uku. Ta ce murjanin nan marigayi mijinta ya reno shi tun yana kamar ɗan yatsa, ba za ta bar shi hannun wanda bai sani ba. Sai Yahaya ya ce ai wansa mai gyaran fitila ne. Ta dubi hannuwana, ta ce to in koya mako guda, in ta ga na iya, Yahaya ya tafi kwana ashirin ni in riƙe. Na lissafa a raina, wata guda da ƴan kwanaki ina gida. Na ce na yarda.

Haka na zama almajirin ƙanena. Kafin ka taɓa komai sai ka kashe fitila, ka zare waya daga bango, ka jira ƙwai su huce. Sannan mutum biyu su sauke ta, a kai ta tebur nesa da akwatin, don kada ɓarɓashi ya faɗa ruwa. A zare ƙwai ɗaya bayan ɗaya a kwantar a kan tawul, a ɓalle madubin, a riƙe shi ta gefe, don ko shatin yatsa ba ya so. A zuba masa ruwan da inji ya tace, ba na famfo ba. A jiƙa ƙyalle mai laushi da ruwan da aka ɗiga wa binegar, ruwan tsamin nan na salati, a shimfiɗa a kai a bar shi. Abin da ya fi nanata mini ke nan, ba a gurzawa, jira ake gishiri ya narke da kansa. In ya narke a ɗauraye, a shafa busasshen ƙyalle a hankali, hanya ɗaya, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar. Ni kuwa ina jinsa ina cewa to, to, amma a cikina ina cewa yaron nan ya cika tsirfa. Shekara ashirin ina buɗe fitila, yau auta ne zai koya mini wanki.

Rana ta shida Yahaya ya tafi babbar kasuwa sayen atamfar da zai kai wa Inna. Ya ce in jiƙa madubai in jira shi. Wani ma'aikacin kicin ya taya ni sauke fitila, na yi komai yadda aka koya mini. Amma da na ɗaga ƙyalle sai na ga wasu fararen tabo a lungu sun ƙi fita. Na sake jiƙawa, suna nan. Sai na tuna gobe Madam za ta duba aikina, kuma a kansa tafiyar auta ta rataya.

Ku da kuka tashi a Kurfai kun san yadda ake fitar da tukunya. Yashi da toka, a sa ƙarfi. Ina yaro ni ke wanke wa Inna tukwanen alminiyam, in gurje su har su yi fari kamar azurfa. Sau ɗaya na ji ta daga bayan zana tana ce wa maƙwabciya wancan ya iya wanki, kuma yabon da na taɓa samu daga bakinta ke nan, har yau ina riƙe da shi. To ga yashin teku a bayan otel, mai laushi kamar gari, ga toka a wurin gasa kifi. Na ɗebo, na kwaɓa, na zauna na gurje madubai shida tas, na ɗauraye su sau uku, na jera a rana. Tabo ko ɗaya bai rage ba. Na koma gefe ina jiran yabo.

Yahaya ya shigo da atamfa a hammata, ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske. Sannan ya miƙo mini.

"Yaya, duba fuskarka."

Na duba. Da safe har gashin bakina nake gani a ciki, yanzu sai wani hazo fari. Na kankare sheƙin gaba ɗaya, na mayar da madubi murfin tukunya. Na yi gyaran gangar Auzinawa. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin sauƙi. Ya zauna a ƙasa ya ɗora atamfar a gwiwa ya ce ba komai, za a san yadda za a yi.

Madam ta zo ta duba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce irin madubin babu shi a garin, sai an yi odarsa daga waje, kuma Yahaya ba zai motsa ba sai ya iso an ɗaura, murjani ya koma daidai. Ni kuma in ina so in ci gaba da koyo, amma kada in sake kusantar yashi. Na yi tunanin komawa gida, to da wane ido zan shiga ɗakin Inna hannu rabbana? Na zauna.

Kwanakin nan sun yi mini tsawo. Ina gani da idona murjani na dushewa, mai koren nan ya koma kamar busasshen ganyen kuka. Yahaya ya sassauko da fitila kusa da ruwa, ya ƙara mata lokaci, yana lallaɓawa. Da yamma mu kira gida, Hadiza ta kara wa Inna waya, ta ce Yahayana yaushe, shi kuma ya ce saura kaɗan Inna. Bai taɓa gaya mata dalilin jinkirin ba. Ni ina gefe ina jin muryarta, ba ta tambayata, ni ma ba na sa baki. Hadiza ta ce mini dai Inna takan ce ko suna samun hura can, kuma wai in lura, "suna" ta ce, ba "yana" ba. Na riƙe wannan ma.

Da sababbin madubai suka iso na zaci an gama, ashe da saura. Yahaya ya ce in aka ɗaura shida lokaci guda haske zai yi wa murjani yawa, ya ƙone ya yi fari, kamar wanda ya daɗe a ɗaki aka fito da shi tsakar rana. Sai biyu-biyu, da kwanaki a tsakani. Ni na ɗaura na ƙarshe da hannuna Madam na kallo, ni na yi gogen farko, na jiƙa na naɗe hannu na jira. Ta gyaɗa kai. Kuskurena ya ci mana kusan mako huɗu.

Na raka Yahaya tasha da atamfarsa. Bayan kwana uku Hadiza ta kira ta ce ya iso, Inna ta tashi zaune, ta shafa gemunsa, ta ci tuwo har ta nemi ƙari. Na yi murna, Allah ya sani na yi murna. Amma na zauna gaban akwatin nan ina jin kewar gida kamar ta kashe ni. Ina kewar ƙurar kasuwa, da surutun Malam Idi, da tarin Inna ta bayan katanga da asuba. Kullum in zo da safe in auna gishiri, in ba kifi abinci, in leƙa madubi. Launi ya dawo wa murjani sannu a hankali, har na fara gane kowanne, wanda ke buɗewa da wuri da wanda ke nawa. Na fahimci abin da ya riƙe yaron nan shekara tara, na daina jin haushinsa.

Kwana goma sha biyu da isarsa, da hantsi, na sauke fitila na jera madubai a tebur na shimfiɗa musu ƙyalle, sai waya ta yi ƙara. Yahaya ne. Ya ce Yaya sai haƙuri, Inna ta cika bayan sallar asuba, za a kai ta kafin azahar. Na ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsakanina da Filinge kwana uku ne da kogi. Na ajiye waya, na dubi tebur. Murjani ba ya jiran mai makoki, fitila kuma ba ta komawa da jiƙaƙƙen madubi. Na ɗauraye, na shafa hanya ɗaya, na jira suka bushe, na mayar. Ana yi wa Inna salla ina kan tsani ina rataye fitilar kifi.

Na yi lissafin nan sau ba adadi. Da ban ɗebo yashin nan ba, da auta ya je ya dawo, da ina gida da mako biyu, da ni zan ɗauki makararta. Shekara arba'in da huɗu ban taɓa nisa da ita na wata guda ba, sai a wannan karon.

Bayan sadakar bakwai Yahaya ya dawo ya karɓi aikinsa. Ya duba murjani, ya duba madubai, ya ce hannuna ya faɗa. Muna zaune a bayan otel ya ba ni labarin kwanakinta na ƙarshe, abin da ta ci, waɗanda ta yafe wa, yadda ta sa aka ɗinka atamfar ta ɗaura sau ɗaya. Sai ya ce akwai wani abu. Ya ce ana gobe za ta rasu, da la'asar, shi da Hadiza na zaune, ta dubi bakin ƙofa inda nake tsugunawa, ta kira sunana. Sunana sosai, ba mai tocila ba. Ta faɗa sau biyu, sannan ta ce:

"Na aike shi, ya kuwa cika aike. Allah shi yi mai albarka."

Na ce ka tabbata? Ya ce da kunnensa ya ji. Na ce don me ba ka ɗauka a waya ba, kai da kullum waya na hannunka? Ya ce Yaya, wa ke tuna waya a lokacin nan. Na tashi na tafi bakin teku, wadda nake tsoro, na tsaya har ruwa na taɓa ƙafata, na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa.

Na dawo ta hanyar da na bi. A kwale-kwale ban rungumi buhun kowa ba, na ma manta da tsoro. Madam ta ba ni ɗaya daga madubin da na ɓata, shi ne wanda kuke gani a rumfata bayan fitila, wanda Malam Idi ke cewa in sayar masa ya yi indararo. Ba na sayarwa ba ne. A hanya tsakanin Doso da Yamai na gane wani abu da ya ɗan sanyaya mini rai, ya kuma ƙara mini ciwo. Na san Inna. Da ina tsugune a bakin ƙofar nan ranar, da bango za ta kalla, da mai tocila za ta ce har ta koma ga Allah. Sai da na yi nisan kwana uku da kogi bakinta ya iya.

Da na isa na fara zuwa kabarinta, sannan na shiga gida. Bayan mutane sun watse na samu Hadiza a ɗakin Inna tana naɗe tabarma. Na ce Yahaya ya gaya mini, amma shi Yaya yake ce mini, da ya zo wurin sai ya ce ta kira sunanka kawai. Ke kina nan, kin ji. Faɗa mini yadda ta faɗe shi, da ƙarfi ne ko a hankali, ta ja shi ko ta datse. Ina son in ji ko da a bakin wani ne.

Hadiza ta ajiye tabarmar. Shekararmu ashirin da aure, ita ma ba ta taɓa kama sunana ba, maigida ne ko baban su Rabi. Ta buɗe baki, na ga tana ƙoƙari, sai ta sunkuyar da kai hawaye na zuba.

"Kai ma ka san ba ni iyawa," in ji ta.

Na ce ba komai, bar shi. Na karɓi tabarmar na ƙarasa naɗewa.